Kafin a Buɗe Bokitin Fenti: Danshi, Kankara da Ƙurar Dalma a Banɗakunan Gusau

Duk wanda ya shiga gidajen haya na Sabon Garin Gusau a ƙarshen damina, wajen watan Oktoba, zai tarar da abu guda yana maimaita kansa a bangon banɗaki. Daga ƙasa zuwa gwiwa, wani wuri har ƙugu, fenti ya kumbura, wani ya fashe yana zubar da gari, wani ya ɗaye yana reto. A sama da wurin akwai layi mai ruwan ƙasa da ya bi bangon a karkace, ƙarƙashinsa kuma wani farin gari ne da ke maƙale wa yatsa idan an shafa. Ka zagaya ɗakin da ya haɗa bango da banɗakin, ka ja gado ko durowar kaya, sau da yawa za ka ga irin wannan tabo a can ma, ga wari mai nauyi da ya kama katifa.

Abin da aka saba yi kowa ya sani. Salla ta matso, ko za a kawo amarya, ko sabon ɗan haya ya biya kuɗi yana jiran mukulli. Sai a kira mai fenti, ya kankare abin da ya ɗaye da sauri, ya bi da sikiridin ya shafe ramukan, ya zuba shafi biyu, ya karɓi kuɗinsa. Banɗaki ya yi fes. Kafin Agusta mai zuwa ta fita, fentin ya sake tashi a daidai inda ya tashi bara. Mai gida ya ce an sayar masa da jabu, ko mai fenti ya tsinka shi da ruwa ya yi gaba da saura. Mai fenti kuma ya ce, "Alhaji, ai bangon nan shan ruwa yake yi." Gaskiya ya faɗa, sai dai maganar da ya kamata a yi tun kafin a sayi bokiti ce. A ganina fenti shi ne mafi ƙanƙantar abin da ke cikin wannan aiki. Babban aikin shi ne gano inda ruwan ya fito, sai cire tsohon fentin ta hanyar da ba za ta cutar da mutanen gida ba, sai haƙurin jira.

Ya kamata a fara da tambayar yadda ruwa ya samu shiga bangon ɗaki tun farko, domin ba haka gidan Bahaushe yake ba a da. Makewayi a can ƙuryar gida ake yinsa, nesa da ɗakunan kwana, kuma galibi ba rufi. Ka yi wanka da safe, kafin azahar rana ta shanye ruwan. Har yau haka yake a gidaje da yawa na Tsafe da Bunguɗu da ƙauyukansu. Magina na da kuma sun san ruwa abokin gabar gini ne, shi ya sa suke yaɓe bango da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, inda ruwa ya fi duka kuma su yi laso da katsin marina da gashin jima da dafara, su fitar da indararo ya jefa ruwan soro nesa da gindin bango. Sabon Gari kuwa unguwa ce da ta bunƙasa da zuwan jirgin ƙasa, layin da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya dire Ƙaurar Namoda a 1929. Ta cika da 'yan kasuwa da ma'aikata daga ko'ina, aka yi gidaje masu jerin ɗakuna da banɗaki ɗaya ko biyu na kowa da kowa. Da Gusau ta zama babban birnin jiha a 1996, buƙatar ɗaki mai banɗaki a ciki ta ƙaru, sai masu gidaje suka shiga yanka tsofaffin ɗakuna suna cusa wurin wanka a lungu, a jikin bangon da ba a gina shi don ruwa ba. A 'yan shekarun nan kuma rashin tsaro ya koro jama'a daga ƙauyuka zuwa cikin gari, banɗakin da aka yi don mutum biyar ya koma na mutum goma sha biyar. Daɓensa ba ya bushewa daga asuba har dare.

Bangon da kansa yakan faɗi inda ruwansa ya fito, idan an tsaya an dube shi. Tabon da ya taso daga ƙasa ya tsaya a layi guda, bai cika wuce mita ɗaya ba, ruwan ƙasa ne. Bulo da filasta cike suke da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, suna jan ruwa sama kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Maganinsa tun wajen gini shi ne shimfiɗar hana ruwa da magina ke kira difisi, wato leda mai kauri da kankare a saman tushe, wadda ya kamata ta ɗara ƙasar waje da aƙalla inci 6. Tsofaffin gidaje da yawa ba su da ita. Wasu suna da ita, amma an yi ta ciko a tsakar gida da bakin titi shekara da shekaru har ƙasa ta haye samanta, ta zama ba ta da amfani. Ruwan da Gusau ke samu a shekara bai cika wuce mita ɗaya ba, amma kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Ƙasar yankin kuma a kan dutse take zaune, wanda duwatsun Kwatarkwashi da na Tsafe suka isa shaida, don haka a wurare da dama ruwa ba ya nitsewa can ƙasa da sauri, sai ya kwanta kusa da tushen gini.

Tabon da ya yi da'ira kusa da kan famfo ko shawa, wanda bai san rani ba bai san damina ba, wannan bututu ne ke yoyo a cikin bango. Gwajinsa ba wuya: a cika tanki da yamma, a rufe duk famfunan gida, a sa alama, a duba da safe. Idan ruwan ya ragu, mai gyaran famfo za a nema, ba mai fenti ba. Wanda ya gangaro daga sama kuma kwano ne ya huje, ko tankin da ke bisa yana ambaliya. Sai kuma wanda na fi gani ana rainawa, alhali shi ya fi yawa a gidajenmu: ruwan wankan kansa. Da bokiti muke wanka, da buta muke tsarki da alwala, mata suna wanki a ciki, ga duro ko jarkokin 'yan garuwa a jingine da bango suna ɗiga. Idan daɓen bai da gangare sosai zuwa rariya, ruwa zai kwanta a kusurwa, ya bi tsagar da ke tsakanin daɓe da bango ya shige. A toshe rariya, a tara ruwa ya kai inci biyu, a bar shi ya kwana, a je a duba bayan bangon. In an ga ya jiƙe, an kama ɓarawon. Kada kuma a manta da waje: sokawe da aka haƙa dab da gini, ko kwatar da ta toshe, ko ruwan kwano da ke zuba a gindin bango duk damina.

Yawancin shawarwarin da matasa ke gani a intanet kan wannan matsala daga Ingila da Amurka suke, inda babban abin da ke lalata banɗaki shi ne tururin ruwan zafi a ɗaki rufaffe mai sanyi, bangon kuma sau da yawa allo ne ba bulo ba. Mu ma tururi yana taɓa mu a lokacin hunturu, shi ke jawo baƙin ɗigo-ɗigon funfuna da ke fitowa a silin da kusurwar sama, amma ba shi ne babbar damuwarmu ba. Akwai hanya mai sauƙi ta rarrabewa. A samu farar leda mai faɗin tafin hannu biyu, a manna ta a bango da salatif ta ko'ina, a bar ta kwana biyu. Raɓa a bayan ledar, ta wajen bango, tana nufin ruwan daga cikin gini yake. Raɓa a fuskarta kuwa daga iskar ɗakin take, maganinta taga ce ko ƙofar iska.

Me ya sa fenti ke ɗayewa idan bango ya sha ruwa? Ruwan ba shi kaɗai yake tafiya ba, yana ɗauke da gishiri iri-iri daga ƙasa, daga yashi, daga siminti, a banɗaki har da na fitsari da sabulu. Idan ya iso fuskar bango sai ya bi iska, gishirin ya tsaya ya daskare a ƙarƙashin fenti, yana girma yana tura shi waje. Farin garin nan ke nan. Da fentin mai kuma akwai ƙarin matsala. An saba shafa shi a rabin bango na ƙasa don yana sheƙi kuma ana iya wanke shi, mutane suna ganin shi ne mai hana ruwa. Yana hanawa ɗin, amma ta fuska biyu: ruwan da ke cikin bango ma ba ya samun hanyar fita, sai ya taru a bayansa ya yi ƙululu, in ka huda wani har ruwa ya tsirto. Sannan siminti abu ne mai kaifi irin na soda, musamman sabo ko jiƙaƙƙe. Duk macen da ta taɓa haɗa sabulu ta san abin da ke faruwa idan mai ya gamu da soda. Shi ne yake faruwa a bayan fentin mai: gindinsa ya koma sabulu, ya yi laushi da santsi, ya saki bango. Komai tsadar bokitin, wannan ba ta canzawa.

Bayan an tsayar da ruwa ne ake zuwa kankara, kuma a nan nake so in daɗe, domin mu a Zamfara muna da dalilin da ya fi na kowa. A 2010 ne likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya aka ga girman abin a Bagega. Gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake daka da niƙa a cikin gidaje. Yara sama da 400 suka rasu, dubbai suka buƙaci magani, sai da aka kwashe ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, aikin Bagega ma sai a 2013 aka yi shi. Ba ina cewa ƙurar bangon banɗaki ta kai wannan ba, ko kusa. Amma hanyar ɗaya ce: ƙura ta sauka a daɓe, yaro mai rarrafe ya dafa, ya kai hannu baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba shi da illa, kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotsar ta ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba. Kaɗan ɗin da ba ya sa suma ko farfaɗiya yana rage kaifin ƙwaƙwalwa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Mai juna biyu ma tana miƙa ta ga abin da ke cikinta.

Dalma tana shiga fentin mai ne ta wajen launi, musamman rawaya da ja da ruwan lemo da kore, da kuma sinadarin da ke sa shi saurin bushewa. Amurka ta hana ta a fentin gidaje tun 1978. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke kira ga ƙasashe su ɗauka ita ce kashi 90 cikin miliyan. A wani rahoto na 2017, ƙungiyar SRADev tare da IPEN sun bayyana cewa sun gwada gwangwani 60 na fentin mai da aka saya a kasuwannin Legas, kusan uku cikin huɗu suka wuce wannan iyaka, fiye da rabi kuma suka haura kashi 10,000 cikin miliyan. Wannan sabon fentin da ake sayarwa a lokacin ke nan. To ina ga tsohon gida a Sabon Gari, wanda in ka sa ƙarfe ka kankara za ka ga shuɗi a kan kore, kore a kan rawaya, kowane mai haya da nasa launin tun zamanin da masaƙar Gusau ke aiki? Fentin ruwa bai cika ɗauke da dalma ba, amma wanda ke sama ba ya faɗa maka abin da ke ƙarƙashi. Tunda ba kowa ke da hanyar kai ɓawon fenti ɗakin gwaji ba, abin da hankali zai ɗauka shi ne a ɗauki duk tsohon fentin mai a matsayin mai dalma.

Sanin wane iri ne a bango ba wuya. A jiƙa auduga da sifirit a goga. Fentin ruwa zai yi laushi ya bar launi a audugar, fentin mai ba zai motsa ba.

Abu uku ne nake roƙon masu fenti da masu gida su bari. Gurza busasshen bango da samfefa ko injin gurza, wanda ke mai da fenti gari mai tashi ya bi ɗakuna. Ƙona shi da wutar gas don ya yi laushi, wanda ke mai da dalmar hayaƙi ta shiga huhu kai tsaye. Da kuma ruwan cire fenti mai ƙarfin wari a ɗakin da tagarsa ba ta wuce tafin hannu biyu ba. Da yawa daga irin wannan ruwa suna ɗauke da wani sinadari da ya kashe ma'aikata a banɗakuna a ƙasashen waje, saboda tururinsa ya fi iska nauyi, yana taruwa a ƙasa inda mutum ya tsuguna yana aiki. Tarayyar Turai ta hana sayar wa jama'a shi, Amurka ma ta bi sahu a 2019. Banɗakin gidan haya shi ne wuri mafi muni da za a buɗe irin wannan gwangwani.

Hanyar da ta fi aminci ita ce mafi arha, sai dai tana cin lokaci. A fitar da komai, buta da bokiti da soso da buroshin haƙori. A shimfiɗa leda a daɓe, a toshe rariya, a rataya wata ledar a ƙofa. Yara da masu ciki su koma wani ɓangare na gida har a gama. Mai aiki ya sa takunkumi mai tace ƙura, N95 ko wanda ya fi shi, ba ƙyalle ko rawani ba. Ya riƙa fesa ruwa kaɗan-kaɗan a inda zai kankara, daidai yadda ɓawon zai faɗo a jiƙe, ya bi da faffaɗan ƙarfen kankara yana turawa daga inda ya kumbura zuwa inda ya kama. Fentin ruwa da danshi ya riga ya ci yakan biyo ƙarfe ba gardama. Fentin mai da ya yi taurin kai a yi masa tsaga-tsaga da bakin ƙarfe, a jiƙa, a dawo masa, gefen da ya rage a lallashe shi da samfefar ruwa. Kada a tsaya a bakin tabo, a wuce shi da kamar ƙafa ɗaya, domin danshi yana gaba da inda ido ke gani. Da an gama a naɗe ledar da abin da ke cikinta a ɗaure, kada a share da tsintsiya, kada a zuba a tsakar gida inda kaji ke tono yara ke wasa, kada kuma a ƙona. A goge daɓe da jiƙaƙƙen tsumma sau biyu. Shi kuma mai fenti ya wanke hannu da fuska kafin ya ci abinci ko goro, ya canza kaya kafin ya koma gida, don nasa yaran ma suna rugowa su rungume shi.

Sau da yawa idan fenti ya sauka sai a ga ashe ba a nan ɓarnar ta tsaya ba. A ɗauki ƙotar ƙarfen a riƙa ƙwanƙwasa filasta. Inda ta kama bulo ƙarar a cike take, inda ta saki kuwa sai ka ji kwam-kwam, alamar rami a baya. Wani wurin ma yatsa kawai za ka sa yashi ya zubo. Irin wannan filasta gishiri ya gama da ita, ko ta bushe za ta ci gaba da jawo laima daga iska, babu abin yi sai a sare ta har bulo. Na san wannan magana ba ta yi wa mai gida daɗi, tunda a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, amma rabin bangon banɗaki ba buhu nawa zai ci ba, kuma ya fi sayen fenti duk shekara sauƙi. Sabon shafen a yi shi da ƙarfi, siminti ɗaya yashi uku ko huɗu, a zuba garin hana ruwa da ake sayarwa a shagunan kayan gini bisa ƙa'idar da ke jikin ledarsa. A kula da yashin. Wanda ake ɗebowa daga gulbi wani lokaci laka ta yi masa yawa. A zuba shi a kwalba da ruwa a girgiza a ajiye, in laka ta kwanta a sama da kauri, a wanke shi ko a canza. A kusurwar daɓe da bango kuma birkila ya yi ɗan tudu mai lanƙwasa don ruwa ya daina samun wurin kwanciya.

Inda filasta ke da ƙarfi, sai a bar ta tsirara ta sha iska. A nan akwai wani abu da ke rikita mutane. Na ce a jiƙa wajen kankara, amma farin gishirin da zai riƙa fitowa a kwanakin bushewa ba a wanke shi da ruwa, don narkewa zai yi ya koma ciki ya sake fitowa. Tunda fenti ya riga ya sauka, a goge shi a bushe da buroshi mai tauri, a kwashe, bayan mako a sake dubawa, har ya daina fitowa. Funfuna da gansakuka kuma a wanke su da ruwan bilic, kashi ɗaya cikin ruwa kashi goma, ƙofa da taga a buɗe. Kada a kuskura a haɗa bilic da ruwan wankin masai mai asid, balle ruwan batir da wasu ke wanke tayil da shi. Haɗin yana fitar da iskar da ke ƙona huhu, kuma a ɗaki ƙarami ba ta ɗaukar lokaci.

Jira shi ne abin da ya fi wahala, kuma yanayin ƙasarmu ya riga ya tsara lokacinsa. Maginan Ingila suna lissafin wata guda ga kowane inci na kaurin bangon da ya jiƙe. Iskar hunturunmu ta fi tasu bushewa nesa ba kusa ba, don haka bangon da aka kankare a Nuwamba yana iya shiryawa a Janairu ko Fabrairu. Wanda aka kankare a Yuli kuwa ba inda za shi. Sai dai hunturun da ke busar da tsohon bango shi ke fasa sabon shafe, don haka sabuwar filasta tana son a yi mata ban ruwa safe da yamma na mako guda, sannan a ba ta aƙalla kwana 28 kafin fenti ya taɓa ta, kaifin simintin ya lafa. Kafin a buɗe bokiti a sake manna ledar gwaji a wurare biyu ko uku, musamman can ƙasa. In da hali a riƙa wanka a wani wuri a wannan tsakani, in babu a jingina kwano ko leda ta tare feshin ruwa ba tare da ta manne da bangon ba.

Sikiridin da ya zama ado a yanzu, wanda ake kwaɓawa da garin fi'ofi da fentin ruwa da gam, yana da kyau a falo, amma a banɗaki gyaran gangar auzinawa ne. Garin fi'ofi yana shan ruwa ya yi laushi, shi ne yake fara rubewa ya tafi da fentin da ke kansa. In ana son santsi a yi da na siminti. Daga nan shafin farko ya zama mai jure kaifin siminti, sai fentin ruwa mai kyau wanda ake iya gogewa, shafi biyu marasa kauri, a bar na farko ya bushe sosai. Fentin ruwa yana barin bango ya fitar da sauran laimarsa a hankali, abin da fentin mai ba ya yi. Wanda ya nace sai mai sheƙi a ƙofa ko taga, ya nemi gwangwanin da aka rubuta ba dalma a jikinsa, ya guji wanda aka ɗura a galan ba suna ba adireshi.

Tayil fa? A inda ruwa ke duka kullum, daga daɓe zuwa kafaɗa, ya fi kowane fenti, ban da shakka a kai. Amma tayil ba ya kashe danshin da ke tasowa daga ƙasa ko daga bututu, rufe shi kawai yake yi. Ruwan zai hau ya fito a saman layin tayil, ko ya juya ya fito a ɗakin kwana, inda ya fi cutarwa. Don haka shi ma sai bayan an tsayar da ruwan, an yi shafen hana ruwa a bayansa, an cike tsakaninsa da kyau. Haka abin yake ga bangon ƙasa da aka yi wa rigar siminti, irin wanda ya yawaita a tsofaffin gidajen Tsafe da Bunguɗu: ruwa ya shiga ta tsaga, ya rasa hanyar fita, tubali ya narke a ɓoye, wata rana shafen ya faɗo gaba ɗaya. A irin wannan bango farar ƙasa da ake sabuntawa duk shekara ta fi fentin kanti amfani, kuma a ɗaga gindinsa da dutse ko bulo a inda ruwa ke taɓawa.

Saura batun wanda zai biya, wanda a gidan haya shi ne yake hana komai tafiya. Ɗan haya ba zai sare filastar gidan da ba nasa ba, mai gida kuma ba shi ke shaƙar warin ba. Amma ginin nasa ne, kuma danshin da ya ci filasta bana bulo zai ci baɗi, in ya samu rodi ya sa masa tsatsa. Yoyo da sokawe da shafe haƙƙin mai gida ne. Buɗe taga, share ruwa zuwa rariya bayan wanka, ɗaga duro daga jikin bango da kai rahoton yoyo da wuri, waɗannan na mai zama ne. Yadda ake cinikin aikin ma yana da hannu a ciki. Muddin jimla ake yi da mai fenti a kan ɗaki, kankara za ta zama asara a wurinsa, zai yi ta ne a gurguje. A yi cinikin kankara da kwashe shara daban, a biya, a haɗa da kuɗin takunkumi da leda. Cinikin fenti kuma sai ya dawo bayan makonni ya ga bangon da idonsa.

Wani zai ce biki saura mako biyu, dangin amarya za su zo jere, ba za a nuna musu bango tsirara ba. Wannan uzuri ne na gaske. A irin wannan hali a gyara yoyon, a yi kankarar a jiƙe yadda ya kamata, a goge gishirin, sannan a shafa farar ƙasa ko fentin ruwa mai arha shafi ɗaya siriri, ba sikiridin, ba fentin mai. Zai yi tabo, amma ba zai kulle ruwa a ciki ba, kuma cire shi ba wuya. A gaya wa ango gaskiya cewa na wucin gadi ne, a sa rana a watan Disamba da birkila zai dawo.